TARIHI: Lambobin da ke jikin tsofaffin kayan bindigar sojan Ingila, da yadda za ka karanta su da wayarka



Ɗauki wayarka ka danna *#06#. Lambobi 15 za su fito, wato IMEI. Takwas ɗin farko suna faɗin samfurin wayar ne, kuma wayoyi da yawa irin taka suna ɗauke da su. Shidan da ke biye su ne na wayarka ita kaɗai, ta ƙarshen kuma ta tantancewa ce. Ashe a cikin layi ɗaya an amsa tambayoyi biyu daban: "mene ne wannan?" da "wanne ne daga ciki?"

Wannan dabara ta girmi waya, ta girmi kwamfuta. Waɗanda suka fi kowa wahala a kanta su ne masu kula da siton soja, domin su ne za a turo wa takarda daga wata nahiya a ce a aiko da wani ɗan ƙaramin ƙarfe, kuma in suka aika da wanda bai dace ba, bindiga ta zama sanda a hannun mai ita. Yau za mu bi tarihin lambobi da tambarin da sojan Ingila suka riƙa bugawa a kan bindiga da kayan da ke tafiya da ita: maratayi, banati, 'yar kwalbar mai, madubin hange, bel da jakar harsashi.

Abin ya shafe mu ta hanya biyu. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da har yanzu ake ajiye da bel ko gorar ruwa ko akwatin kakan da ya yi aikin soja zamanin Turawa. Akwai kuma masu sayar da kayan gwanjo, a kasuwa da intanet, da za su nuna maka lamba a jikin kaya su ce ai shekara ce, ko lambar sojan da ya riƙe shi ce. Wanda ya iya karatun tambarin ba a yi masa wannan wayon.

DA FARKO: TAMBARI IRI BIYAR NE

Kafin mu shiga tarihi, riƙe wannan. Duk rubutun da za ka gani a jikin irin waɗannan kaya yana amsa ɗaya daga cikin tambayoyi biyar:

1. Na waye? Wannan tambarin mallaka ne.
2. Mene ne? Wannan suna ne da lambar kundin sito.
3. Wa ya ƙera, kuma yaushe?
4. Wanne ne daga ciki? Wannan lambar siriyal ce.
5. Me ya same shi daga baya? Gyara, canji, ko sallama daga aiki.

Yawancin ruɗanin da mutane ke shiga, daga haɗa ta 2 da ta 4 yake fitowa.

KIBIYAR GWAMNATI

Tambarin da ya fi kowanne tsufa shi ne wata kibiya mai layi uku da suka haɗu a sama, kamar sawun kaza. Turawa na kiranta "broad arrow". Ma'anarta ɗaya ce: wannan kayan gwamnatin Ingila ne. Hukumar da ke kula da makamai da siton soja, wadda ake kira Board of Ordnance, ta yi ɗaruruwan shekaru tana buga ta a kan igwa, bindiga, ganga da akwati. Har jikin itatuwa an sassaƙa ta a yankunan Amurka da Ingila ta mallaka, don nuna cewa an keɓe su domin yin jiragen ruwan sarki. Rigunan fursunoni ma sun ɗauke ta. A 1875 aka yi dokar da ta mai da buga wannan tambari ba da izini ba laifi.

Haruffan da ke gefen kibiyar suna taimakawa wajen sanin zamani. Idan ka ga BO, kayan na kafin 1855 ne, domin a shekarar aka rushe waccan hukuma. Bayan nan WD ya maye gurbi, wato Sashen Yaƙi. Ƙasashen da ke ƙarƙashin daular kuma kowacce ta yi wa kibiyar nata kwaskwarima: Kanada ta sa ta a cikin harafin C, Ostareliya ta sa ta tsakanin D biyu, Niyu Zilan tsakanin N da Z, Afirka ta Kudu a cikin U, Indiya kuma a saman harafin I. Kayan sojan sama na da nasu, kambi da haruffan AM.

Akwai wata alama mai muhimmanci: kibiya biyu suna fuskantar juna, baki da baki. Wannan na nufin gwamnati ta sayar da kayan, sun fita daga hannunta ta hanyar halal.

A jikin bindiga da banati za ka kuma ga kambin sarauta da haruffa a ƙasansa. VR na Sarauniya Bitoriya ne, wadda ta rasu a 1901. GR na Sarki Joji ne, na biyar ko na shida. ER na iya zama Sarki Edward na bakwai ko Sarauniya Elizabeth ta biyu, sai ka duba shekara. GRI kuwa kayan Indiya ne zamanin mulkin mallaka. Bayan 'yancin Indiya a 1947, masana'antar Ishapore ta sauya kambin da tambarin zakunan Ashoka.

ME YA KAWO KUNDI?

Yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, ya tona asirin siton sojan Ingila. A hunturun 1854 kaya sun taru a tashar jiragen ruwa ta Balaklaba suna lalacewa, sojoji kuma a 'yan mil kaɗan suna mutuwa da sanyi da cuta. Hukumomi da yawa ne ke da hannu a harkar kaya, kowa na jan nasa. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa aka rushe Board of Ordnance.

Daga 1860 aka fara fitar da wani littafi da ake kira "List of Changes", wato jerin canje-canje. Duk wani sabon kaya da aka amince da shi, ko wani gyara da aka yi wa tsoho, sai an shigar da shi da lambar sakin layi da kwanan wata. Ana kuma ajiye samfuri guda mai hatimi, wanda duk ɗan kwangila dole ya kwaikwaya. Idan kana amfani da manhajar da ke nuna maka "abin da ya canza a wannan sabuntawa", to kakan wannan tsari ke nan.

Daga nan ne kalmar "Mark" ta yi ƙarfi, wadda ake taƙaita ta Mk. Babban canji, sabon Mark. Ƙaramin canji, sai a ƙara tauraro. Misali: bindigar Lee-Enfield gajera samfurin Mk III an amince da ita a Janairun 1907. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya matsa, aka cire mata wasu sassa masu cin lokaci wajen ƙira, sai ta zama Mk III*. Kamar dai ka ce 3.0 da 3.1.

Sunan ma ya sha canji. A 1926 aka sake wa bindigogi suna da lambobi, waccan ta koma "Rifle No. 1 Mk III". Wadda ta gaje ta ita ce No. 4 Mk I, wadda aka shiga ƙerawa da yawa daga 1941. Wajen ƙarshen 1944 aka daina rubuta Mark da lambobin Rum aka koma lambobin da muka saba, shi ya sa ta 1949 take "No. 4 Mk 2". Wannan ɗan bambancin rubutu kan taimaka wajen sanin zamanin kaya.

KUNDIN SITO: YADDA AKA TSARA SHI

Suna kaɗai bai isa ba. Ka ce "maratayi": na wace bindiga? Na fata ko na saƙa? Ka ce "sukurun gaba": wanne daga cikin goma? Maganin shi ne kundin da ake kira "Vocabulary of Army Ordnance Stores", a taƙaice VAOS. Jerin duk kayan da ke siton soja ne, an raba shi sashe-sashe, kowane sashe da harafi da lamba.

Abu biyu suka sa kundin ya yi aiki.

Na farko, tsarin suna. Ana fara rubuta asalin abin, sannan bayaninsa ya biyo baya, daga babba zuwa ƙarami. Kwalbar man bindiga a kundi ita ce "Bottle, oil, Mk IV". Maratayi shi ne "Sling, rifle, web". Ga Bature wannan juyayyen Turanci ne, amma ga Bahaushe daidai yake da yadda muke magana: kwalba, ta mai, samfuri na huɗu. Amfaninsa shi ne duk kwalabe su taru a shafi ɗaya, duk maratayai a shafi ɗaya.

Na biyu, lamba. Kowane kaya na da lambar da ta ƙunshi sashe, sai haruffa, sai adadi. Sashen B1 na bindigogin hannu ne da sassansu, kuma a can za ka haɗu da lambobi masu farawa da BA, BB ko CR. Kayan ɗamara na saƙa na ɗauke da AA. Kayan hange na ɗauke da OS. Kayan rediyon soja kuma ZA, wanda duk mai tara tsofaffin na'urorin sadarwa ya san shi. Sojan sama na da nasu tsari daban, inda 6B ke nufin kayan gano hanya kamar agogo, 22C kuma tufafin matuƙa jirgi.

Ka lura da abin da wannan ya sauƙaƙa. Mai gyaran bindiga a wani bariki a Masar ko Indiya ba sai ya zana hoton abin da ya karye ba. Zai buɗe littafin sassa, ya kwafi lamba a fom. Akawu a babban sito kamar na Weedon ko Donnington a Ingila, wanda wataƙila bai taɓa harba bindiga ba, zai duba kati ya je kanta ya ɗauko. Rundunar da ke wannan aiki ita ce RAOC, wadda aka haɗe cikin wata sabuwar runduna a 1993. An ƙera Lee-Enfield sama da miliyan 16 a nahiyoyi huɗu. Ba don kundi ba, da samar musu da kayan gyara ya gagara.

A yaren kwamfuta, lambar kundi ita ce mabuɗin da ke jawo bayani daga rumbun bayanai. Rumbun dai na takarda ne da kati, amma tunanin ɗaya ne.

MISALIN DA ZAI WARWARE KOMAI

Mu ɗauki madubin hangen da ake ɗora wa bindigar gwanayen harbi ta No. 4 (T). Sunansa "Telescope, Sighting, No. 32". A jikinsa za ka ga layuka kamar huɗu: suna da Mark, lamba mai farawa da OS, haruffan kamfani da shekara, sai wata lamba ta daban.

Lambar OS ita ce ta kundi. Samfurin Mk I na ɗauke da OS 466A, Mk II na ɗauke da OS 1650A, Mk III kuma OS 2039A. Duk madubin Mk I da aka ƙera, ko wane kamfani ya yi shi, 466A ne. Don haka idan mai sayarwa ya ce maka "wannan shi ne na 466 da aka ƙera, ka ga ba su da yawa", ya yi maka tatsuniya. Haka wanda zai ga 1650 ko 2039 ya ɗauka shekara ce.

Ɗayar lambar ita ce siriyal, kuma ita ce ta madubin shi kaɗai. Saboda kowane madubi an daidaita shi ne da bindiga guda, ana buga siriyal ɗinsa a kan katakon gindin bindigar. Idan lambobin biyu suka zo ɗaya, to abokan juna ne tun asali. A ƙarƙashin gindin kuma sau da yawa akwai S51, alamar kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya yi yawancin aikin haɗa madubi da bindiga.

Ka ga a kan kaya ɗaya an samu lambobi uku, kowacce da tambayar da take amsawa.

WA YA ƘERA, KUMA YAUSHE?

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu na rubuta sunansu ɓaro-ɓaro: ENFIELD, BSA Co., LSA Co., LITHGOW ta Ostareliya, ISHAPORE ta Indiya. Ɗan bayani a kan sunan bindigar: Lee daga James Paris Lee ne, wanda ya ƙirƙiro tsarin sakatarta, Enfield kuma unguwa ce a arewacin Landan inda masana'antar gwamnati take har aka rufe ta a 1988.

A banati samfurin 1907 za ka ga "1907" a ƙasan kambi. Wannan shekarar samfuri ce, ko da an ƙera wuƙar shekara goma bayan haka. Ainihin lokacin yana ƙasa, wata da shekara, kamar 6 '17, wato Yunin 1917. Sai sunan kamfani, kamar Wilkinson ko Sanderson. A ɗaya fuskar akwai harafin X, shaidar cewa an lanƙwasa wuƙar a gwaji ba ta karye ba. Ƙananan kambi masu lamba a ƙasa kuma hatimin sufetoci ne, kowane sufeto da lambarsa.

Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a kan masana'antun Ingila, rubuta suna da gari a jikin makami ya zama haɗari. Sai aka koma lambar sirri: N ga arewacin ƙasar, M ga tsakiya, S ga kudu, sannan adadi. M47C ita ce masana'antar BSA da ke Shirley kusa da Birmingham. N67 kamfanin Singer ne da ke Clydebank a Sikotilan, e, masu keken ɗinki, waɗanda suka koma ƙera banati. S51 mun riga mun gamu da ita.

Daga tsallaken teku kuma, LONG BRANCH ta Kanada ce, kusa da Toronto. Wadda aka rubuta wa "U.S. PROPERTY" kamfanin Savage ne ya ƙera ta a Amurka, ƙarƙashin shirin ba da aron makamai na 1941. Rubutun na nufin a takarda kayan Amurka ne da aka ba Ingila aro.

Kayan saƙa, wato bel, jaka da maratayi, tambarinsu na tawada ne a ciki: haruffan kamfani, shekara da kibiya. M.E.Co. shi ne Mills Equipment Company, wanda ya yi suna a wannan sana'a. Akwai samfurin 1908, na 1937, na 1944 da na 1958. A nan ma shekarar samfuri daban, shekarar ɗinki daban, domin an ci gaba da ɗinka samfurin 1937 shekaru da yawa bayan yaƙi.

RAYUWAR KAYA BAYAN MASANA'ANTA

Wasu haruffan daga baya ake ƙara su. FTR na nufin an mai da bindiga masana'anta an yi mata cikakken gyara, kuma galibi shekarar gyaran na kusa. DP na nufin ta fareti ce da koyarwa kawai, an yanke mata hukuncin ba ta da lafiyar harbi. A tsohuwar No. 1 akwai ɗan faifan tagulla a gefen gindi, inda ake buga taƙaitaccen sunan runduna da lambar bindigar a ma'ajiyar makamai. Wannan ne tambarin da ya fi kusa da gaya maka inda ta yi aiki, amma sukuru ɗaya ke riƙe da shi, kowa na iya sauyawa. A yi hattara da shi.

ZUWAN LAMBAR NATO

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna wata sabuwar matsala. Abu ɗaya na iya samun lamba uku ko huɗu: sojan ƙasa da tasu, na ruwa da tasu, na sama da tasu, ƙawayen ƙasashe kuma kowa da tasa. Ana iya neman kaya ruwa a jallo alhali yana jibge a siton maƙwabta da wani suna. A 1952 Amurka ta yi dokar da ta tilasta kundi ɗaya ga duk rundunoninta, da lamba mai adadi 11. A cikin shekarun 1950 ƙungiyar NATO ta karɓi tsarin, aka ƙara adadi biyu na ƙasa, ya zama 13. Amurka kanta ta koma 13 ɗin a 1974, shekarar da aka fara karanta bakod a kanti a jihar Ohio.

Ga yadda ake karanta ta. Adadi huɗu na farko rukunin kaya ne: 1005 bindigogi da sassansu, 1240 kayan hange, 1305 harsasai, 6645 agogo, 8465 kayan ɗamarar soja. Biyu na tsakiya ƙasar da ta yi wa kayan rajista: 99 Ingila, 00 da 01 Amurka, 12 Jamus, 13 Beljiyam, 14 Faransa, 21 Kanada, 66 Ostareliya. Bakwai na ƙarshe kuma lambar kayan ce, ba ta da wata ɓoyayyiyar ma'ana.

Misali na gaske: a bayan agogon soja na CWC G10 akwai 6645-99-541-5317. Karanta: agogo, rajistar Ingila, kaya mai lamba kaza. Dubban agogo ke ɗauke da wannan lamba ɗaya. A sassan bindigar L1A1, wadda ta gaji Lee-Enfield a ƙarshen shekarun 1950, wuri ya yi kaɗan, don haka sau da yawa ƙarshen lambar kawai ake bugawa, 960 da adadi huɗu. Ita bindigar kuma siriyal ɗinta na farawa da UE idan Enfield ce, UB idan BSA ce, UF idan Fazakerley ce, sai adadi biyu na shekara. UE59 na nufin Enfield, 1959.

Abin lura: 99 na nuna wanda ya yi rajista ne, ba lallai wanda ya ƙera ba. Haka bakod mai farawa da 615 yake, yana nuna an yi rajistar lambar a Najeriya, ko da an shigo da kayan daga waje.

INA ABIN YA HAƊU DA MU?

A 1897 Ingila ta kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka ɗora Lugga a kanta, kuma Hausa ta zama harshen aiki a bataliyoyinta na Najeriya. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi da Japan a Burma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen barikin Arakan da Myohaung a Legas daga can suka samo asali. Waɗannan mazan jiya sun riƙe Lee-Enfield, kuma kayansu daga wannan tsarin sito suka fito, da kibiyarsa da lambobinsa.

Saboda haka tambari na iya tabbatar da labarin gida, ko ya gyara shi. Bel mai tambarin 1942 da kibiya ya dace da labarin Burma. Jaka mai lamba 13 da 99 a tsakiya kuwa ba ta je Burma da wannan tambarin ba, domin a lokacin babu tsarin. Ko dai ta baya ce, ko tsohuwa ce da ta daɗe a sito aka sake buga mata sabuwar lamba. Shi ya sa ba a yanke hukunci da tambari ɗaya. Sai ka haɗa su duka ka ga ko sun yarda da juna.

YADDA ZA KA YI DA WAYARKA

1. Goge kayan da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada ka sa sanfefa, kada ka wanke kayan saƙa da omo, domin tawadar za ta tafi, kuma ita ce shaidar.

2. Kashe filashin kamara. Shiga wuri mai ɗan duhu, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen. Inuwa za ta faɗa cikin ramin haruffan su fito fili.

3. Kada ka kusanto da waya har hoton ya yi dishi-dishi. Ja baya kaɗan ka yi zum sau biyu, ko ka kunna tsarin ɗaukar abu na kusa idan wayarka na da shi. Ajiye tsabar kuɗi ko rula a gefe don a san girma.

4. Buɗe hoton a wurin gyara, ka mai da shi baƙi da fari, ka ƙara bambancin haske da duhu. Tambarin tawada da ya dushe kan fito ta haka.

5. Kwafi rubutun daidai yadda yake, har da saƙo, ɗigo da tauraro. Kula da O da 0, I da 1, B da 8, S da 5.

6. Raba abin da ka kwafa gida biyar, bisa tambayoyin da muka jera a sama.

7. Bincika a Google da alamar zance, kamar "OS 1650A", don ya nemo rubutun daidai. Google Lens na taimakawa wajen gane siffar kaya, amma ba ya iya karanta dusassun haruffa sosai. Gidajen tarihi irin su Imperial War Museum, Royal Armouries da Australian War Memorial sun sa hotunan kayansu da bayani a intanet kyauta, ka kwatanta da naka.

8. Idan ka tambayi manhajar AI, ka ɗauki amsarta a matsayin mafari. Tana iya ƙirƙiro wa haruffa ma'anar da babu ita, kuma ta faɗa da ƙarfin gwiwa. Sai ka ga hoton wani kaya mai irin tambarin kafin ka yarda.

Alamar jabu kuma ba ta da wuyar ganewa idan ka san tarihi: tambari mai kaifi a kan ƙarfen da ya cinye, kambin GR tare da shekarar 1960, ko lambar NATO a kan abin da aka ce na 1916 ne ba tare da wani tsohon tambari ba.

GARGAƊI, KUMA DA GASKE NAKE

Duk wannan bayani na tarihi ne da gane kayan gado. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu harsashin .303 irin na Lee-Enfield, cikin makaman da aka haramta riƙewa ba da lasisi na musamman ba. Tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga doka, haka gado. Idan aka ci karo da ita a kayan mamaci, hanyar tsira ita ce a sanar da hukuma. Kada ka ɗora hotonta a Facebook kana neman mai saye.

Idan kuma tsohon harsashi ne ko gurneti, kada ka goge, kada ka buga, kada ka sa a wuta, kada ka kai wa 'yan gwangwan. Shekara tamanin ba ta kashe albarushi. Ka nisantar da yara, ka kira jami'an tsaro.

Amma bel, jaka, gorar ruwa, kamfas, agogo da akwati, waɗannan dukiyar tarihi ce. Ka ɗauke su hoto yau, ka rubuta abin da ke jiki, ka zauna da dattawan gida ka ji sunan mai su da inda ya je, ka ajiye duka a fayil ɗaya a wayarka da kuma Google Drive. Akawun sito ya rubuta abin da kayan suke, ya rubuta wanda ya ƙera su. Sunan wanda ya ɗauke su a kafaɗa har Kaladan kuwa babu shi a kundi, yana bakin tsofaffinmu ne, kuma suna ta tafiya.

Wanda ke da irin waɗannan kaya a gida, ya turo mana hoton tambarin mu karanta tare. Sai mun haɗu a darasi na gaba, insha Allah.